Hausa, Indiya, Koriya, Turkiyya, Nollywood ko Amurka: wane fim ne ya cancanci datarka da darenka?

Wannan rubutun na mutumin da yake da waya ɗaya ne, data 'yar kaɗan, da awa biyu ko uku bayan isha'i, kuma kowa yana ja masa hannu, wannan ya ce sai ka kalli na Turkiyya, ƙanwarsa ta ce ai duk duniya babu kamar 'yan Koriya, abokinsa kuma ya rantse idan ba fassarar Indiya ba shi bai ga abin kallo ba. Ni na daɗe ina kallon duka kuma ina da ra'ayi mai ƙarfi a kan kowanne, zan faɗe shi yadda yake, amma bari mu fara ajiye ma'auni don kar maganar ta koma musun majalisa.

Abu huɗu nake dubawa. Na farko tsada, kuma tsada a nan ba kuɗin data kaɗai ba ne, har da lokaci, don ni a wurina lokacin ma ya fi kuɗin ciwo. Tun da hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta amince wa kamfanonin waya ƙarin kashi 50 cikin ɗari a watan Janairun 2025 kowa ya san data ta zama abin lissafi, ko ka rage hoton ya koma ƙarami awa ɗaya tana iya cinye maka wajen megabait 300, idan kuma ka ce sai tangaran za ka kalla to awa ɗaya ta haura gig ɗaya har zuwa uku. Na biyu ɗorewa, wato fim ɗin zai zauna a ranka har ka so ka maimaita shi bayan shekara, ko kuwa da ka rufe wayar shi kenan ka manta sunan jarumin ma. Na uku sauƙi, a ina za ka same shi kuma za ka gane me ake cewa ba tare da ka ƙure ido kana karanta rubutun ƙasan allo ba. Na huɗu haɗari, kuma wannan shi ne mutane suka fi rainawa: za ka iya kunna shi a falo gaban Baba da yara? Kowa ya san wannan yanayin, ana zaune ana kallo lafiya lau sai kawai jarumi ya ja hannun jaruma zuwa ɗaki, Baba ya yi gyaran murya, Yaya ta miƙe wai za ta duba tukunya, ƙaramin yaro kuma ya zuba ido, mai riƙe da rimot yana ta danne-danne ya rasa inda madannin wucewa yake.

Mu fara da namu na gida. Fim ɗin Hausa tun daga Turmin Danya da ƙungiyar Tumbin Giwa ta yi a Kano a 1990 ya bi hanyoyi da yawa, kaset ɗin bidiyo, faifan CD, yanzu kuma kusan komai ya koma masu dogon zango a YouTube da tashoshi irin su Arewa24 da ta fara aiki a 2014. Ta fuskar sauƙi babu wanda ya kama ƙafarsa, yarenka ne, kana iya wanke-wanke ko guga kana ji da kunne kawai ba abin da zai wuce ka, Hajiya ma da ba ta karatun boko tana biye da labarin tsaf har ta fi ka riƙe sunayen mutanen ciki. Kuɗi kuma data ce kawai, ba rijista ba komai. Haɗari kaɗan ne, don akwai Hukumar Tace Fina-finai ta Kano tun 2001 kuma su kansu 'yan wasan sun san mutanen da suke wa fim ɗin, ba za ka ga abin da zai sa ka nemi rimot da gudu ba, sai dai wani lokacin ka ji baƙar magana tsakanin kishiyoyi da ba ka so yara su ɗauka.

Inda nake da ƙorafi, kuma ƙorafin mai ƙauna ne, shi ne jan labari. Labarin da zai ƙare a kashi goma sai a ja shi zango biyar zango shida, kamar miyar da aka yi ta ƙara wa ruwa don ta ishi baƙi, za ka ga an ɗauki mota tun daga buɗe get har ta fita ta sha kwana, ko mutum biyu su zauna a falo su maimaita maka abin da ka gani da idonka a makon jiya. Dalilin a bayyane yake, kasuwar CD ta mutu, furodusa yanzu da tallan YouTube da tallan 'yan kasuwa yake mayar da kuɗinsa, kowane kashi kuɗi ne, to me zai sa ya gajarta. Na fahimce su amma mai kallo ne yake biya da datarsa. Sannan akwai haɗarin ka ɗauko labari ya tsaya maka a tsakiya, ko jaruma ta yi aure a canza ta da wata fuskar, ko a samu saɓani da hukuma kamar yadda aka dakatar da masu dogon zango guda 22 a watan Mayun 2025 a kan batun tacewa. Duk da haka idan aka dace da marubuci mai kyau, wallahi babu fim ɗin wata ƙasa da zai taɓa ka yadda namu zai taɓa ka, don rikicin gado da auren dole da ɗan da ya raina sana'ar ubansa abubuwa ne da kake gani a layinku, kuma karin maganar da tsohuwa za ta jefo a tsakiyar faɗa ba ta fassaruwa.

Sai Indiya. Wannan tsohuwar soyayya ce, tun zamanin da 'yan kasuwa Kwarori suke kawo su silimomin Kano da Kaduna da Jos, iyayenmu sun haddace waƙoƙin da ba su san ma'anarsu ba, kuma rawa da waƙar fim ɗin Hausa ma daga nan aka ɗauko su. Abin da ya canza shi ne fassara, tun da su Algaita suka fara ɗora muryar Hausa a kai, mai tura fim ya zama babban mutum a unguwa. Ka je shagonsa da yamma ka gani, kwamfuta ɗaya a kan benci, wayoyin caji sun harɗe da juna, yara sun yi layi kowa da memorinsa a hannu, wani yana cewa a sa masa mai faɗa wani yana cewa shi na soyayya yake so amma mai ban tausayi. Ta wajen tsada wannan ya fi kowa araha, ba ka ƙona data ko ɗaya, kuɗi kaɗan za ka bayar a cika maka waya. Kuma fim ɗaya ne, awa biyu da rabi zuwa uku ka gama ka kwanta, ba wanda zai ce ka dawo mako mai zuwa.

Ra'ayina a kansu kashi biyu ne. Tsofaffin na Mumbai, na iyali da sadaukarwa da uwa mai hawaye, suna da ɗorewar da ba a musu, akwai wanda ya fito a 1995, Dilwale Dulhania Le Jayenge, da silimar Maratha Mandir da ke Mumbai ta yi shekara da shekaru tana haska shi kullum. Yawancin waɗanda ake fassara mana yanzu kuwa na kudancin Indiya ne, na yaren Telugu da Tamil, kuma a cikinsu akwai manya na gaske irin RRR da waƙarsa ta ci kyautar Oscar a 2023, amma mafi yawa labari ɗaya ne, jarumi ya daki mutum talatin shi kaɗai, bos ɗan siyasa ne ko mai ƙwace filaye, ka kalli biyar a mako ɗaya ba za ka iya bambance su ba. Haɗarinsa matsakaici ne: shigar da ake yi a wajen rawa ba irin ta da ba ce, akwai wuraren bautarsu da wasu iyaye ba sa son yara ƙanana su yi ta gani ba tare da an yi musu bayani ba, kuma mai fassara wani lokacin yakan ƙara nasa gishirin da zagi ko habaicin da babu shi a asalin fim ɗin. Ga kuma memori da ke shiga kwamfutar da kowa yake soka nasa, ba wuya ka kwaso bairos ya lalata maka hotuna. Sannan gaskiya a faɗe ta, galibin wannan turawar ba da izinin masu fim ɗin ake yi ba, kuma irin wannan hanyar ce ta karya 'yan fim ɗinmu na Hausa.

Koriya ta Kudu kuwa, idan maganar iya tsara labari ake yi, ni su na ba kambu ba tare da wata-wata ba. Yawancin nasu kashi 16 ne, kowanne wajen awa ɗaya, kuma galibi marubuciya ta san inda za ta sauke ka, shi ya sa ba ka jin ana wasa da hankalinka, abin da aka nuna maka a kashi na biyu kana ganin kamar ba komai ba sai ya dawo a na sha huɗu ya ɗaure komai. Na tarihinsu sun fi tsawo, Jumong da ya shiga gidajen Arewa sosai kashi 81 ne, amma ko shi yana da ƙarshe. Abin da ya sa suke shiga ran Bahaushe a ganina kunya ce da girmama na gaba, ana rusuna wa babba, ana karɓar abu da hannu biyu, soyayya kuma sai a yi kashi takwas ba a wuce kallon ido ba. Matsalarsu sauƙi ne, sai kana karanta Turanci da sauri, ido ba ya barin allo ko na daƙiƙa biyar, ba fim ɗin da za ka kalla kana tsinke alayyafo ba ne, waɗanda aka fassara da Hausa kuma ba su kai na Indiya yawa ba. Tsada ma akwai, ko rijistar Netflix ta wata-wata da data a kai, ko kuma shafukan sata masu cike da tallan batsa da caca. Haɗari kuwa kar kunyar ta ruɗe ka, shan giya a fim ɗinsu kamar dole ne, kusan duk wanda ransa ya ɓaci sai ya je ya sha ya bugu, kuma sababbin da ake yi don kasuwar duniya irin Squid Game na 2021 zubar da jini ne tsagwaronsa, na ga yara 'yan firamare suna kwaikwayon wasannin ciki a layi kuma abin ya dame ni ƙwarai, wannan fim ɗin manya ne ba na yara ba sam.

Turkiyya ita ce wadda nake so in ja kunne a kanta sosai, don ita ce mutane suke faɗawa ba tare da lissafi ba. Fim ɗin Ertugrul da tashar gwamnatin Turkiyya TRT ta nuna daga 2014 zuwa 2019 zango biyar ne, kashi 150, kowane kashi wajen awa biyu, wato kusan awa 300 kenan. Idan kullum za ka kalli kashi ɗaya ba fashi sai ka yi wata biyar, idan kuma da data ne ko a ƙaramin hoto kana maganar gig 90, kuma da ka gama ga na ɗansa Usman yana jiranka wanda aka fara a 2019. Kyau kam akwai shi, dawakai da tantuna da kaya da kiɗa duk an kashe musu kuɗi, ana salla ana addu'a ana maganar adalci da amana, shi ya sa magidanta da yawa suka sake da shi suka ce wannan ne na gidana, kuma a wannan ɓangaren ina tare da su, sai dai sara da suka da fille kai suna da yawa ga ƙananan yara. Amma labarin zagaye yake yi, a gano maci amana a kashe shi wani ya taso, a kama jarumi ya kuɓuta a sake kama shi, bayan zango biyu ka riga ka san takun. Babban haɗarin kuma shi ne ɗaukarsa a matsayin tarihi, abin da masana suka tabbatar game da Ertugrul na gaskiya kaɗan ne ƙwarai, an san shi ne mahaifin Usman wanda ya kafa daular Usmaniyya kuma ya rasu wajen 1280, sauran kusan duk ƙirƙirar marubuci ce, to kar ka je majalisa kana kafa hujja da shi. Kuma kar ka ɗauka duk fim ɗin Turkiyya haka yake, na soyayyarsu na zamani da ake yi a Istanbul shiga da mu'amalar ciki ba ta da maraba da ta Turawa, na fadar Sarki Sulaiman na daular Usmaniyya ma da aka yi daga 2011 zuwa 2014 sai da Erdogan, firaministan Turkiyya a lokacin, da kansa ya fito ya soke shi.

Nollywood, wato fina-finan kudancin Najeriya, ba zan daɗe a kai ba. Iri biyu ne, akwai na YouTube da ake fitarwa kullum kamar ruwan sama, ɗan sarki ya ɓad da kama ya auri talaka, suruka mayya, waɗannan kyauta ne amma ba su da ɗorewa ko ta kwana ɗaya. Akwai kuma na silima da ake kashe wa kuɗi, wanda Funke Akindele ta fitar a ƙarshen 2023, A Tribe Called Judah, shi ne fim ɗin Nollywood na farko da ya haura naira biliyan ɗaya a silimomi, irin waɗannan hoto da sauti sun kai a yaba kuma suna nuna maka rayuwar makwabtanka na kudu da kai ba ka sani ba. Abin da yake ɓata mini rai har yau shi ne yadda Bahaushe a yawancinsu bai wuce maigadi mai gurɓataccen Turanci ba. Gaban yara kuwa sai ka tantance, tsafi da shigar banza suna yawan faɗowa ba sallama.

Na Amurka da na Cainis na haɗa su wuri ɗaya saboda amfaninsu ɗaya a wurina, gajeru ne, awa ɗaya da rabi zuwa biyu, kuma na faɗa ba sai ka ji yaren ba. Tsofaffin su Bruce Lee da Jackie Chan da Jet Li har gobe suna kalluwa don da jikinsu suke yin abin ba kwamfuta ba. Amurkawa kuma su ne suka fi kowa faɗi, akwai shirme akwai kuma fim ɗin da zai sa ka kwana kana tunani, amma su ne suka fi kowa haɗari a falo. Sa'ar da aka yi suna rubuta alama a jiki, G da PG na iyali ne, PG-13 sai da lura, R kuwa kar ka kunna gaban yara ko surukai ko da an ce maka na yaƙi ne kawai. Daƙiƙa goma ce za ta ɗauke ka ka duba alamar kafin ka danna.

| Iri | Tsada (data da lokaci) | Ɗorewa | Sauƙi | Haɗari a gaban iyali |
|---|---|---|---|---|
| Hausa mai dogon zango | data duk mako, ba a san ranar gamawa ba | ya danganta da marubuci | ya fi kowa | kaɗan |
| Indiya mai fassara | mafi araha, dare ɗaya | tsofaffi sosai, sababbi kaɗan | sosai | matsakaici |
| Koriya | wajen awa 16, rijista ko data | sosai | sai mai karanta Turanci | matsakaici, wasu na manya ne zalla |
| Turkiyya na tarihi | watanni, data mai yawa | zangon farko ya fi | akwai masu fassarar Hausa | kaɗan, amma akwai jini |
| Nollywood | na YouTube data kawai, na silima tikiti | na silima sun fi | sai mai jin Turanci ko Burokin | matsakaici zuwa sama |
| Amurka da Cainis | awa biyu | akwai da babu | na faɗa ba sai da yare ba | a duba alama |

To yanzu wa ya dace da wanne. Idan gidanku babba ne, talabijin ɗaya ce a falo, Hajiya da jikoki duk a wuri ɗaya, ka tsaya a kan na Hausa, amma ka zaɓi wanda aka riga aka gama ko aka kammala zangonsa, kar ka ɗauko wanda yake kashi na uku yanzu ka zama mai jiran ranar Juma'a ko Lahadi har shekara biyu. Idan ɗalibi ne kai ko ɗaliba kuma jarrabawa tana gabanka, ka nisanci Turkiyya da duk wani mai dogon zango, ka ɗauki fim ɗaya na Indiya ko na Amurka ranar Asabar ka gama da shi a daren. Idan ba ka da data kwata-kwata ko sabis ɗin garinku ba ya ɗaukar bidiyo, fassarar Indiya ce taka, sai dai ka ware memori daban na fim kar ka riƙa miƙa wayar da hotunan iyalinka suke ciki. Idan kana jin Turanci kuma abin da kake nema labari ne da aka ɗinka da kyau wanda zai fara ya ƙare, Koriya, kuma ka fara da na tarihin tsohuwar daularsu ta Joseon ko na asibiti da kotu, ka kalla kai kaɗai tukuna kafin ka nuna wa ƙanne. Magidanci mai lokaci da wifi ko wanda zai je a tura masa gaba ɗaya, mai son dawakai da jarumta, ya ɗauki na tarihin Turkiyya, ya sa wa kansa doka kashi ɗaya a dare don kar asuba ta riƙa kuɓuce masa. Mai son ya rubuta fim ko ya shiga harkar kuwa ina ba shi shawarar ya haɗa biyu, ya kalli na Koriya da biro a hannu yana lura da inda suke yanke kowane kashi da yadda ba sa ɓata minti ɗaya, sannan ya dawo ya kalli tsofaffin namu na kaset don ya ji yadda ake zuba zancen Hausa a bakin tsohuwa da ɗan kasuwa da malamin zaure.